Tulun da Sarkis Ya Rubuta wa Guba

Da safiyar Litinin aka tsinci gawar Dib makiyayi a gindin ɓauren da ke bayan maɓuɓɓugar Kfar Lawz. Awakinsa ne suka tona, don sun shigo gari su kaɗai suna cin furannin ƙofar coci. An same shi ya dunƙule kamar mai ciwon ciki, da kwalba babu komai kusa da hannunsa. Ba a gama rufe shi da mayafi ba sai ga kururuwa daga gidan burodi. Tannus mai gasa burodi, wanda suka sha arak, giyar inabin garin, tare da Dib jiya da rana, ya tashi yana lalube, yana tambayar matarsa wa ya cika ɗakin da hayaƙi.

Abu ɗaya ya iya faɗa kafin a sa shi a mota zuwa asibiti. Dib ya ce masa arak ɗin na gidan Sarkis ne.

Kowa ya san abin da ake nufi. Wata huɗu Sarkis maƙerin tagulla ya yi yana haɗa sabuwar karakarsa a ɗakin bayan gida. Karakar kakanni tukunya ce mai hula da ɗan bututu, ana liƙe bakinta da ƙullu, a dafa ruwan inabi sau uku. Tasa kuwa doguwar wuya gare ta, ta fi mutum tsayi, ya cusa mata tarkacen tagulla a ciki don tururi ya hau ya sauko ya sake hawa kafin ya fita. Rabin gari sun kawo masa inabinsu a kakar nan. Sauran rabin suna cewa abin da ba a gada ba sai ya ci mutum.

Zumurrud matar Sarkis tana tsaye a bakin ƙofa da 'yarsu Nuhad a kwankwaso lokacin da jama'a suka cika layin. Wata ta tofa yawu. Wani ya jefi taga da dutse.

"Sarkis, ka ba Dib kwalba?" in ji muktar, mai unguwarsu.

"Ban ba kowa ba, muktar. Na bana duk yana tulunan ƙasa, ko ni ban ɗanɗana ba."

Ya juya zai nuna musu, ya leƙa ɗakin karaka. Zumurrud ta ga fuskarsa ta sauya.

Muktar ya kulle shi a ɗakin ajiyar coci, ya ce don lafiyarsa. Ya jawo Zumurrud gefe ya rage murya.

"'Ya'yan Dib uku suna can kwari da garke, an aika musu. Kafin a buga ƙararrawar coci ta yamma za su iso, kuma ba da sanduna za su zo ba. Na kira jandarma, amma kin san su. In sun riga zuwa, mijinki ya tafi kurkuku. In ba su riga ba..."



"Ka ba ni zuwa ƙararrawa," in ji ta. "Kada kowa ya ƙara taka bayan gidana."

"Ke 'yar Melhem ce, na sani. Amma wannan ba satar inabi ba ce."

"Ƙasa ba ta san bambanci ba."

Ubanta Melhem shekara talatin ya yi yana gadin gonakin inabin garin, kuma da yake bai haifi namiji ba, ita ya riƙa ja yana nuna mata sawun dila da na ɓarawo. Tun da ta yi aure ba ta bi sawun komai ba sai na kajinta.

*

Ta hau bene wurin surukanta. Umm Sarkis, uwar mijinta, tana kuka tana kiran sunayen waliyyai. Ubansa Abu Sarkis, wanda a zamaninsa babu mai dafa arak kamarsa a tsaunin nan, yana zaune a baranda da carbi a hannu, bai ko ja shi.

"Riƙe mini ita," ta ce da surukarta, ta miƙa Nuhad. "Kada ta sha komai, ko ruwa, sai na dawo. Kada a buɗe wa kowa ƙofa."

"Ina za ki, 'yata?" in ji tsohon, bai ɗago ba.

"Ƙasa zan duba, Ammi," in ji ta. Haka take kiran surukinta.

Gaban ɗakin karaka an tattake shi kamar kasuwa, babu abin karantawa. Ta shiga, ta tsaya inda Sarkis ya tsaya, ta dubi inda ya duba. Babban tulun gilashi ne a lungu. Duk dahuwar da aka ɗora, ɗigon farko da ke fitowa guba ne, kuma doguwar wuyan nan tana tattara shi wuri ɗaya, mai kauri. Sarkis ba ya zubar da shi, yana tarawa don goge tagulla. Na dahuwa arba'in ne a tulun. Ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya rubuta GUBA da baƙin fenti, manya-manya.

Ƙura ta yi wa gilashin zobe a inda ruwan yake da. Yanzu ruwan yana ƙasa da zoben da kusan taƙi guda. Ta ɗauko kwalba irin ta Dib ta gwada da ido, ta sake gwadawa. Ba kwalba ɗaya aka ɗiba ba. Uku ne.

Ta fita ta ƙofar baya. A ƙasar da ke gefen taga akwai sawun jaki, ƙafar hagu ta baya tana ja. Jaki ɗaya ne a Kfar Lawz mai irin wannan tafiya.

*

Mai jakin, tsoho Ammo Jabbur, yana zaune gaban tsohuwar karakarsa yana murza ƙullu. Shi ne ya fi kowa zagin ta Sarkis, har a ƙofar coci.

"Ah, 'yar Melhem! An zo kama ni? Zauna in sa miki gahawa, ko kina tsoron na zuba wani abu?"

"Ammo, me jakinka ya je yi bayan gidanmu?"

"Tambayi jakin. Ya fi mijinki hankali."

"An ɗaure shi a jikin zaitun, ya daɗe har ya yi kashi sau biyu. Kai kuma ka hau dutse ka leƙa taga. Ranar Juma'a, bayan yayyafi."

Ƙullun ya tsaya a hannunsa. Ya waiga hagu da dama, sannan ya tashi ya zaro wata doguwar sandar inabi daga bayan itace. An yi mata tsaga-tsaga da wuƙa.

"In kika faɗa wa wani, na tsine miki har jikokinki. Awo na je yi. Na zura ta taga na auna wuyan shegiyar. Na ɗanɗani abin da take fitarwa a gidan ƙanena da ya kai masa inabinsa, kwana biyu ban yi barci ba don haushi. Shekara hamsin ina wannan aiki, ɗan jiya ya zo da bututu ya fi ni."

Ta karɓi sandar ta duba. Akwai koren tsatsar tagulla a bakinta. Sawunsa ma a taga ya tsaya, bai kai ƙofa ba, ita ta gani da idonta.

"Ka ga tulun da ke lungu?"

"Mai jan ƙyalle? Na gani mana." Ya yi 'yar dariya duk da halin da ake ciki. "Ashe yaron ya koyi wayon manya."

"Wane wayo?"

"Haba. Zo ki gani."

Ya kai ta ƙuryar ɗakinsa. Tulu biyu a ƙasan gado, kowanne da gicciye na gawayi, an rubuta guba a jiki.

"Na shekarar da aka haifi ɗana na fari. Wannan kuma na shekarar babban ƙanƙara. In ba ka rubuta haka ba, 'ya'yanka da surukanka su shanye maka shi kafin Kirsimeti. Kowane mai karaka a tsaunin nan haka yake yi. Mafi kyawu shi ake rubuta wa guba."



"Na Sarkis guba ce ta gaske, Ammo. Ɗigon farko ne."

Dariyar ta ɗauke. Jabbur ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

"To ai ko makaho ya buɗe wannan, hancinsa zai gaya masa. Warinsa kamar na maganin goge farce. Babu mai karakar da zai yi wannan kuskure."

*

Hasiba matar Tannus ba ta bar ta ta shiga ba. Ta tsaya a ƙofa idanu jawur.

"Kin zo ki ga aikinku?"

"Na zo ne don akwai sauran kwalba biyu a waje, Hasiba. Ban san a teburin wa suke ba. Yana iya zama na ɗan'uwanki."

Hasiba ta share hanci da gefen ɗankwali.

"Tannus ya ce da suka zuba ruwa ya yi fari kamar kowane arak, amma farin bai kai ba. Ya ce wa Dib yana wari. Dib ya ce kyauta ce ta kowace shekara, ba a shinshina kyauta. Tannus ƙoƙo biyu ya sha don kunya. Dib ya tafi da sauran."

"Kyautar wa?"

"Ina zan sani? Wa bai taɓa ba Dib kwalba ba a garin nan? Awakinsa ke yi wa gonakin kowa taki."

Daga nan Zumurrud ta zaga bayan coci, ta taka dutse ta kama ƙarfen tagar ɗakin ajiya. Sarkis yana zaune kan buhun alkama, kai a gwiwa.

"Ka san wanda ya ɗiba," ta ce.

"Koma gida, Zumurrud."

"'Ya'yan Dib suna hanya."

"Na ji. Ni na ajiye tulun, laifina ne. In jandarma sun zo haka zan ce. Ki koma wajen yarinya."

"Ni kuma in ce mata me in ta girma?"

Ya juya mata baya. Ta sauko daga dutsen. Mutumin da za a iya harbewa kafin faɗuwar rana, yana korar mai neman ceto shi. Mutum nawa ne a duniya Sarkis zai yi wa haka?

*

Rana ta karkata, haskenta ya shigo ɗakin karaka ta ƙasan ƙofa yana kwance. Irin hasken da ubanta yake jira kenan. Ta durƙusa ta sa kuncinta kusa da ƙasa.

An jawo akwatin katako daga bango zuwa gaban tulun, an mayar da shi, kusurwoyinsa sun bar zane. Ɓarawo ba ya zama. Wannan ya zauna, ya miƙe ƙafa ɗaya kamar mai ciwon gwiwa. Ta zura hannu ƙarƙashin akwatin. Cokalin shayi, cikinsa ya yi baƙi-baƙi. Tsinken ashana uku, ƙonannu.

Ta san wannan. Tsofaffi suna ɗiga arak a cokali su kunna, in ya ci da shuɗiyar wuta bai bar ruwa ba su ce mai ƙarfi ne. Amma wa zai zauna gaban buɗaɗɗen tulun nan, warin da ke sa hawaye yana dukan fuskarsa, ya tsaya kunna ashana har sau uku yana tambayar wuta?

Nono ya cika mata ƙirji, ta tuna Nuhad ba ta sha ba tun safe. Ta sa cokalin a aljihu ta hau bene. Tun daga matakala ƙauri ya tare ta. Umm Sarkis tana ɗaki tana jijjiga yarinya, ta manta da tukunyar wake a wuta. Tukunyar ta ƙone ƙurmus. Abu Sarkis kuwa ya dawo ciki, yana zaune a kujera taku biyu daga murhun, ya ba shi baya, carbi a hannu.

Zumurrud ta tsaya tana kallonsa. Bai motsa ba. Bai ko yamutsa fuska ba.

Ta sauke tukunyar a hankali. Ta karɓi 'yarta ta zauna ta ba ta nono, tana kallon bango, har yarinyar ta ƙoshi ta yi barci. Sannan ta ce, "Ammi, muktar yana son dattawa duka a farfajiyar coci. Zan riƙe maka hannu a matakala."

*

Gari ya taru. An fito da Sarkis an zaunar da shi tsakanin muktar da Abuna, limamin cocin. Daga farfajiyar ana hango hanyar kwari da lanƙwasarta goma sha ɗaya, kuma a ta huɗu akwai farar akori-kurar 'ya'yan Dib tana hawowa. Kowa ya gan ta. Babu wanda ya ambata.

Zumurrud ta ajiye finjali biyu a kan dakalin dutse. Ruwan cikinsu garau, iri ɗaya.

"Ɗaya ruwan dahuwar fari ne mai kyau, ba a sa masa yansun ba tukuna, ƙwayar ƙamshin da ke sa arak ya yi fari. Ɗayan daga tulun da ya kashe Dib. Masu karaka biyu ne suka rage mana na da. Ammo Jabbur, bismillah."

Jabbur bai ko ɗauka ba. Ya sunkuya kaɗan ya ja da baya yana tari.

"Wannan. Kai, ɗauke mini shi!"

Ta juya musu baya ta sauya wa finjalan wuri, ta sake sauyawa. Ta kawo su gaban surukinta.

"Zumurrud!" Sarkis ya miƙe, muktar ya danne masa kafaɗa. "Na ce ni ne! Me kike nema kuma?"

Ba ta dube shi ba. In ta dube shi ba za ta iya ba.

"Ammi, wanne ne?"

Tsohon ya ɗauki na dama ya kai hanci. Ya ɗauki na hagu. Ya koma na dama. Ana jin injin motar a lanƙwasa ta bakwai.

"Ammi," ta ce, ta durƙusa gabansa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba don in kunyata ka ba ne. Kwalba uku aka cika. Ɗaya muka gani. Ina biyun?"

Sarkis ya daskare. "Uku?"

Abu Sarkis ya ajiye finjalan. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Shekara biyu ke nan. Tun zazzaɓin nan. Ba na jin ƙamshin burodi, ba na jin turaren coci, ba na jin kan jikata. Wa zan gaya wa? Ni da ake kawo wa tulu daga garuruwa bakwai in shinshina?" Ya dubi ɗansa. "Na ce ka ba ni na Dib, ka ce sai ya kwana wata shida. Shekara arba'in ban taɓa bari kaka ta wuce ban ba shi ba. Na ga tulun, na ga rubutun, na ce ashe ɗana ya ɓoye mai kyawun. Har daɗi na ji. Na gauraya da ragowar na bara don ya yi fari. Tun safe nake gaya wa kaina ba tawa ba ce, wani ne ya ba shi wata..."

"Ina biyun, Ammi?"

"Ɗaya tana kabad ɗin coci, bayan kyandirori. Na bikin waliyyi."

Abuna ya tattara rigarsa ya ruga ciki.

"Ɗayar?"

Tsohon ya rufe fuska da hannu biyu. "Na ba direban bas ranar Asabar. Ya kai wa Mantura."

Mantura 'yarsa ce, ƙanwar Sarkis, tana aure a birni bakin teku. Sarkis ya fizge wayar muktar daga aljihun rigarsa. Zumurrud ta karɓa ta danna lambar. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Wata mata a baya ta fara addu'a da ƙarfi. Sau takwas.

"Alo? Wa ke nan? Hannuna da nama, muna da baƙi."

"Mantura, kwalbar Baba. Kun buɗe?"

"Zumurrud? Yanzu mai gidan ya ce a kawo ƙanƙara. Lafiya?"

"Ajiye wayar ki je ki ɗauke ta daga teburin. Yanzu. Ina jira. In wani ya zuba, ki kifar da ƙoƙon."

Aka ji takun gudu, aka ji muryar namiji yana cewa ke lafiyarki, aka ji gilashi ya fashe. Ta dawo tana haki.

"Ba wanda ya sha. Na fasa ta. Me ya faru? Ina Baba?"

Zumurrud ta miƙa wa Sarkis wayar, ta zauna a ƙasa inda take.

Motar ta tsaya a ƙofar farfajiya. Maza uku suka diro, biyu da bindigar farauta. Abu Sarkis ya dafa dakali ya miƙe. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya nufe su yana jan ƙafarsa mai ciwo. Muktar ya bi shi ta dama, Abuna ya fito da kwalba a hannu ya bi ta hagu, Jabbur ma ya tashi ya shiga tsakani yana cewa, "Ku fara da ni, 'ya'yan banza, ni na riƙe ubanku ranar baftisma." Babbansu ya dubi farin gashin da ke gabansa, ya daɗe yana dubansa, sannan bakin bindigar ya sauka ƙasa a hankali.

Sai bayan an buga ƙararrawa jandarma suka iso. Abu Sarkis suka tafi da shi.

Jama'a suka watse ba mai kallon wani. Sarkis ya tsaya a bakin farfajiya yana bin motar da ido, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Zumurrud ta zo ta tsaya kusa da shi, ba ta taɓa shi ba.

"Shekararsa saba'in da huɗu," ya ce. "Da kin bari, ni zan iya ɗaukar kurkuku. Ubana ne, Zumurrud."

"Na sani," in ji ta. "Kai ma uban wata ne. Mu je, Nuhad ta kusa tashi."